Yanda wani matashi a Kano ya haɗa kwamfutar gem sau biyu kafin ta zauna masa

Asalin maganar

Wannan lamarin wani matashi ne ɗan unguwarmu a nan Kano, ƙanin abokina, ba zan kama suna ba. Ni gyaran kwamfuta nake yi, ina da ɗan shago, toh yawancin abun da zan faɗa ko a gabana ya faru ko kuma ni aka kawo wa bayan ya riga ya faru. Kuɗaɗen da zan ambata abun da shi ya biya ne a lokacin, kada wani ya ɗauka farashin yau ne, kayan kwamfuta dala suke bi.

A 2023 yaron yana aji biyu a makarantar gaba da sakandare, yana kuma ɗan taɓa zanen katin biki da fostar walima a wata tsohuwar laftof da yayansa ya bar masa. Da yamma in ya samu sarari gidan gem yake tafiya ya biya kuɗin wasa, ƙwallo ce abar sonsa, sai kuma GTA V. Burinsa bai wuce ya mallaki kwamfutar tebur tasa ta kansa ba, ya buga gem da dare, da rana ya yi zanensa a kai ba tare da tana sandarewa ba. Da adashe da kuɗin zane da ɗan abun da mahaifiyarsa ta ƙara masa, zuwa ƙarshen Satumba 2023 ya tara naira dubu 380. Daidai lokacin ne EA Sports FC 24 ya fito, ranar 29 ga Satumba, shi ya sa a gaba.

Mafi ƙarancin abun da masu gem ɗin suka ce ana buƙata shi ne furosesa (guntun da ke sarrafa duk aikin kwamfuta) Core i5-6600K ko Ryzen 5 1600, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) 8GB, katin hoto (mai fitar da hoton gem a allo) GTX 1050 Ti ko RX 570, da wurin ajiya kamar 100GB. Gidansu kuwa wuta ba kullum ba, in ta zo da yamma ma sau da yawa ba ta da ƙarfi har fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, suna da ƙaramin janareto, ɗakinsa kuma rufin kwano ne. Wannan ɓangaren ba wanda ya rubuta shi a takardar lissafin farko.

Oktoba 2023: lissafin da aka kwaso a YouTube

Ya shafe kusan wata yana kallon bidiyon masu haɗa kwamfuta na Amurka, waɗanda suke cewa wai haɗin mai ƙaramin ƙarfi ne. Ya zo min da takarda: furosesa Ryzen 5 5600, modabod (babban allon da ake jona komai a kai) B550, katin hoto RTX 3060, RAM 16GB, a bidiyon an ce duka wajen dala 700. Matsalar ita ce tun watan Yuni na shekarar Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, zuwa Oktoba dala ta haura naira dubu a Wapa, kaga dala 700 ta zama sama da dubu 700 kenan tun kafin a sa kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa, kuma babu monita a ciki. Ya zaga Beirut Road yana tambayar farashi, ya kira wasu a Computer Village ta Ikeja, ya dawo da yamma jiki a sanyaye yace min "Yaya, katin kawai ya kusa cinye kuɗin gaba ɗaya."

Takardar nan a nan ta tsaya.

Nuwamba 2023: kwamfutar ofis da katin bogi

Sai wani abokinsa ya ba shi shawarar da mutane da yawa ke bi, a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu a cusa mata katin hoto. Ya sayi Dell OptiPlex 9020 mai dogon kes a dubu 95, da Core i5-4570, RAM 8GB irin DDR3, da had disk mai juyawa 500GB. Monita ta hannu inci 22 dubu 45, kibod da maus da pad dubu 25. Injin lafiyarsa ƙalau, ba shi da laifin komai.

Katin ne ya gani a intanet wajen wani mai talla, GTX 1050 Ti 4GB sabo fil a kwali, dubu 55, ƙasa da yanda ake sayar da na hannu ma. Ya tura kuɗi aka sako masa a mota ya je tasha ya karɓa. Da ya zo sawa sai ya ga katin yana son wayar wuta mai fil 6, Dell ɗin kuma ba ta da ita, shi ne ya kwaso komai ya kawo shago.

Ina buɗe kwalin gabana ya faɗi. A bayan katin ga ramin VGA shuɗi, alhali 1050 Ti na gaske ya fito ne a 2016 lokacin da NVIDIA ta riga ta bar wannan tsohon ramin a katunanta, ga wani faifan CD na direba (manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin) ba ko sunan kamfani a jikinsa, sannan na gaske wat 75 yake ci, yawancinsu daga modabod kawai suke shan wuta ba sa neman waya. Na sa shi a injin gwajina. Windows ta rubuta GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro, har yaron ya fara murmushi, amma direban NVIDIA na asali ya ƙi hawa. Na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a gaban sunan katin ta rubuta FAKE, wajen Shaders (ƙananan injinan lissafin da ke cikin katin) kuma 192, na gaske 768 ne. Wato GTS 450 ne na 2010 aka canza masa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin jikinsa, ya riƙa kiran kansa da sunan da ba nasa ba, 4GB ɗin ma a rubuce kawai take, muna kunna GTA V da ya ci ƙwaƙwalwa ta wuce wajen 1GB hoton ya tarwatse gem ya rufe kansa.

Ya kira mai tallan sau biyu ana ɗauka ana cewa za a duba, a na uku layin ya daina shiga. Dubu 55 ta tafi, saura dubu 160 a hannunsa.

Janairu 2024: RX 580 da pawa pak mai arha

Wannan karon ya yi wayo, yace ba zai sake sayen kati bai ga yana aiki ba. Ya samu RX 580 8GB na hannu a dubu 115, aka kunna a gabansa ya ga hoto ya fito. Irin katunan nan sun cika kasuwa ne tun bayan 15 ga Satumba 2022, ranar da Ethereum, wani kuɗin kirifto, ta daina amfani da katin hoto wajen haƙa (mainin), masu gonakin mainin suka juye su duniya a araha, wasu a wanke su a sa musu sabuwar fanka da kwali kamar sabbi. Da na duba nasa a GPU-Z sai na ga Shaders 2048 ne ba 2304 ba, wato nau'in da ake kira 2048SP ne da AMD ta fitar don kasuwar China a 2018, a ƙarfi kusan RX 570 ne. Ba bogi ba ne, kati ne na gaske mai aiki, sai dai bai kai abun da sunan ke sa mutum ya zata ba. Ga FC 24 dai ya isa.

Toh amma katin yana son waya mai fil 8, pawa pak ɗin Dell kuwa, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, wat 290 ne kuma ba shi da ita, ƙari a kan haka modabod ɗin 9020 ba ta amfani da babban soket mai fil 24 da kowa ya sani, nata mai fil 8 ne na kamfanin. Dole sai an canza pawa pak an kuma sa adafta. Kuɗin da ya rage masa dubu 45. Ya sayi wani pawa pak da aka rubuta 650W da manyan baƙi a dubu 13, adaftar modabod da wata wayar da ke juya molex (tsohon bakin wayar pawa pak) zuwa fil 8 dubu 4, fankoki masu fitilar launi dubu 12, ragowar ya sa data don sauke gem. Shi da abokinsa suka haɗa a ɗaki.

Daren farko ta yi aiki. FC 24 yana ba da tsakanin 50 da 60 FPS (yawan hotuna a daƙiƙa ɗaya) a 1080p, amma yana ɗan tsinkewa musamman in an yi kwana ko an nuna maimaici, buɗe GTA V kuma sai ka sha shayi ka gama. Ya haƙura da wannan. Kwana huɗu bayan nan ana tsakiyar wasa kwamfutar ta mutu ɗif kamar an zare waya, ta sake tashi da kanta.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: neman ciwon

Daga nan abun ya zama kullum. In yana zane ko kallon bidiyo ba ta taɓa mutuwa, in aka shiga gem kuwa minti 15 ko 20 sai ta ɗauke. Abun da aka gwada a jere:

Ya goge direban AMD ya sa wani, ba canji. Ya sauke Windows ya sake ɗorawa har sau biyu, ba canji. Wani yace masa RAM ce, ya ciro ya goge ya mayar, muka gwada da MemTest86 ba kuskure ko ɗaya.

Da ya kawo min ni kuma zafi na fara zargi. Na buɗe katin, man da ke kan guntun ya bushe ya zama kamar alli, tsakanin ƙarafan sanyaya kuma ƙura ta daskare kamar auduga, lokacin hunturu ne ga hazo. Na wanke na sa sabon mai, zafin katin ya sauko daga digiri 84 zuwa 72 a FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki don gwaji. Na bar ta minti goma a shago ba ta mutu ba, nace masa ya tafi an gama. A shagona akwai sitabilaiza, minti goma kuma bai isa gwaji ba, sannan na kalli 650W ɗin nan da ido na wuce ban karanta ƙananan rubutun ba. Wannan kuskurena ne, kuma har yau yana damuna, don da na tsaya a ranar da an tsira da abubuwa da yawa.

Sati biyu ya dawo, ciwon na nan. A ƙarshen Fabrairu na kwance pawa pak ɗin na ɗaga a hannu, ba nauyi sam kamar gwangwanin madara da aka shanye, a bayansa ga ɗan jan makunnin nan na 115 da 230 wanda alama ce ta tsohon tsari. Na karanta jadawalin da ke gefensa: layin 12V amfiya 20. In ka ninka 12 sau 20 wat 240 kenan. Katin hoto da furosesa duk daga layin 12V suke sha, sauran adadin da aka tara aka kai 650 a layukan 5V da 3.3V aka jibge shi inda injin zamani ba ya wani buƙata, in ma rubutun gaskiya ne. Furosesar ita kaɗai wat 84 aka rubuta mata, katin a cikin gem yana iya cin 150 ko fiye, ga fankoki ga had disk. Wayar molex ɗin da ke ciyar da katin har ta fara canza launi, robar bakinta ta yi ruwan ƙasa.

Nace masa "ƙanena, dan Allah ka ajiye gem har ka sayi pawa pak na kirki." Yace toh Yaya. Amma a Fabrairun nan dala ta haura naira 1,500, kaya sun tashi, aljihunsa kuma babu komai. Ya rage saitin gem zuwa ƙasa ya ga mutuwar ta ragu, sai ya ci gaba da bugawa.

Maris 2024: daren da ta ƙone

An fara azumi ranar 11 ga Maris, zafin Kano ya kankama, ɗakin kwano da rana ba ya shiguwa. A sati na biyu na azumin bayan tarawihi yana wasa aka ɗauke wuta, ba a fi minti ɗaya ba aka dawo da ita da ƙarfi, kwamfutar tana jone kai tsaye a bango ba komai a tsakani. Yace ya ji ƙara "fas" sai wari, hayaƙi siriri yana fita ta bayan kes.

Washegari na buɗe. Kafasita biyu sun fashe a cikin pawa pak ɗin. Modabod ba ta ko motsi da pawa pak ɗina mai kyau. Had disk ɗin allon ƙasansa ya ƙone, a ciki kuma akwai zanen mutum uku da ya karɓi kuɗinsu na katin bikin bayan Sallah, bai ajiye kwafi ko'ina ba. Furosesa da RAM sun tsira, katin hoton ma cikin ikon Allah ya tsira, na gwada shi awa guda lafiya.

Zanen mutane ya sake su daga farko a tsohuwar laftof, dare uku bai yi barcin kirki ba. Abun da ya rage na Dell ɗin ya sayar a dubu 30. In aka haɗa katin bogi dubu 55, pawa pak da adafta dubu 17, da faɗuwar dubu 65 a kan Dell, asarar ta kama dubu 137, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ya fara da su.

Afrilu zuwa Mayu 2024: aka fara daga soket

Bayan ƙaramar Sallah ya zo shago ya zauna shiru, can yace shi ya haƙura zai sayar da katin. Nace ya ba ni wata biyu kada ya sayi komai kada ya sayar da komai. Na ba shi mita na koya masa yanda zai auna wutar soket ɗin ɗakinsa safe da yamma da dare ya riƙa rubutawa a littafi. Wutar ƙasar nan 230V ya kamata ta kasance. Abun da ya rubuta na sati biyu: da asuba tana kaiwa 215 zuwa 225, da magariba zuwa ƙarfe goma na dare, wato daidai lokacin da yake wasa, tana yawo tsakanin 165 da 185. Janareton gidan kuma in aka kunna firij sai allurar ta yi tsalle.

Sai muka sake takardar lissafi, wannan karon daga ƙasa. Layin farko sitabilaiza da ɗan gad ɗin nan da ake sa wa firij, mai yanke wuta in ta yi yawa ya kuma jinkirta kafin ya sake ta in an dawo da ita. Layi na biyu pawa pak, da sharaɗi huɗu: na kamfanin da aka sani irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, layin 12V ya haura amfiya 40, ya zo da wayar fil 8 tasa ta asali, kuma a jikinsa a ga an rubuta yana karɓar 100 zuwa 240V, don akwai waɗanda aka yi su don 230V kawai, su ba sa jure raunin wuta irin na unguwarsu. Tambarin 80 Plus Bronze yana da amfani amma shi rashin ɓarnar wuta yake aunawa, ba ya nufin akwai kariya, kuma ana manna na ƙarya, toh sai an haɗa da nauyi da lambar kwali da takardar garanti.

Sai a layi na uku aka zo maganar furosesa. Ya so ya sake sayen irin Dell ɗin don araha, nace masa ya tuna i5-4570 ta 2013 ce, ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, Microsoft kuma ta sanar za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Muka tsaya a kan soket AM4 na AMD, wato mazaunin furosesa a modabod, saboda kayansa na hannu sun yi yawa kuma modabod ɗaya za ta iya ɗaukar furosesa mafi ƙarfi nan gaba in an sabunta BIOS.

Yuni 2024: haɗi na biyu

Aikin fostar Sallah biyu, zubin adashe da ya zo kansa, dubu 30 na ragowar Dell da rancen da yayansa ya ba shi, suka haɗu dubu 470. Bayan babbar Sallah muka saya kamar haka: pawa pak 550W sabo dubu 75, sitabilaiza dubu 45, gad dubu 10, Ryzen 5 3600 ta hannu da fankarta dubu 100, modabod B450 dubu 95, RAM DDR4 3200 sanda biyu kowacce 8GB, dubu 50 duka biyun, SSD (ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin had disk) irin NVMe 512GB dubu 50, kes mai raga a gaba dubu 45. Katin hoto da monita na da aka riƙe.

A wajen RAM mun ɗan ja. Mai shagon yana da sanda ɗaya 16GB a ƙasa da kuɗin biyun kaɗan, yaron yace ai 16 ɗin dai 16 ce. Na nuna masa cewa sanda biyu hanya biyu suke buɗe wa furosesa lokaci guda, ɗaya kuma hanya ɗaya, Ryzen kuwa tana jin wannan bambancin sosai a gem. Muka sa su a rami na biyu da na huɗu yanda littafin modabod ɗin yace, muka shiga BIOS muka kunna XMP, don in ba a kunna ba RAM ɗin 3200 a ƙasa da haka za ta riƙa gudu mutum bai sani ba. Furosesar kafin mu biya mun juya ta mun haska fitilar waya mun bi fil ɗin layi-layi ko akwai wanda ya lanƙwashe, SSD kuma CrystalDiskInfo ta nuna sabo ne ba a taɓa aiki da shi ba. Abu ɗaya da na tuna masa, furosesa 3600 ba ta iya fitar da hoto da kanta, duk ranar da katin ya mutu allo baƙi zai gani har ya samu wani.

Katin na shiga manhajar Adrenalin ta AMD na ɗan rage masa boltej, zafi da cin wuta suka ragu, gudu bai canza yanda ido zai gani ba. Gwajin wannan karon ba a shago aka yi ba, a ɗakinsa muka yi da magariba, awa biyu cur FurMark da gem, mita tana nuna 172 a bango sitabilaiza tana ɗagawa. Ba ta mutu ba. Muka ɗora kes ɗin a kan tebur aka raba shi da ƙasa da kafet.

Yuli zuwa Disamba 2024: yanda ta kasance

FC 24 ya zauna a 60 FPS a 1080p da matsakaicin saiti, tsinkewar nan ta lokacin kwana ta tafi, kuma katin dai shi ne na da, abun da ya canza furosesa mai kwakwalwa 6 da RAM 16GB da SSD ne. GTA V yana buɗewa cikin ƙasa da minti ɗaya, saiti a sama yana ba da 60 ko fiye. Zafin katin bai wuce digiri 70 zuwa 74 ba. Cikin wata shida ba ta mutu da kanta ko sau ɗaya ba, gad ɗin kuma yace ya sha jin shi yana yanke wuta da dare. Duk ƙarshen wata yana fitar da kes tsakar gida ya hure ƙura da bulowa, yana riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa a banza. Zanen mutane yanzu yana ajiye kwafi a filash da kuma Google Drive.

A Disamba bayan ya biya yayansa, ya sayar da RX 580 ɗin ya cika kuɗi ya sayi RX 6600 na hannu, an gwada minti 30 a gabansa kafin ya biya. Shi wat 132 aka rubuta masa, ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba kuma bai kai shi cin wuta ba, pawa pak ɗin ma ba a taɓa shi ba. A kan B450 katin a PCIe 3.0 yake gudu maimakon 4.0, an ɗan yi asarar gudu amma a 1080p shi bai lura ba.

Abun da na gani a lamarin

Kowa ya ji labarin nan katin bogin yake fara kamawa, ni kuma a wajena shi ne ƙaramar asarar, dubu 55 ce ta tafi ta tsaya a nan. Pawa pak ɗin dubu 13 shi ne ya ci wata biyu ana bin direba da Windows da RAM, ya tafi da modabod da had disk, ya kusa ɓata sunan yaron a wajen mutanen da suka ba shi aiki. Kuma ba don yaron bai da hankali ya saye shi ba, tsarin sayayyar ne ya kai shi can: an fara da kati, abun da ya rage aka raba wa sauran, wanda ya zo ƙarshe a layi shi ya samu ɓarɓashi. Bidiyon da ya kalla ba ƙarya suka yi ba, sai dai masu yin su wutar bangonsu a tsaye take, ba su da dalilin sa sitabilaiza a lissafi, shi kuwa yana da shi tun ranar farko.

Hanyar kwamfutar ofis ma ban ga laifinta ba in an san iyakarta. Da a Nuwamba ya bar Dell ɗin da pawa pak ɗinta na asali, ya nemi GTX 1650 na gaske irin wanda ba ya son waya, wat 75, ya ƙara RAM ta zama 16GB da ƙaramin SSD da gad, ina ganin dubu 380 ɗin nan da ta kusa isa, kuma da ya buga ƙwallonsa tun lokacin ko da saiti a ƙasa ne. Inda aka ɓata shi ne cusa kati mai cin wuta a injin da ba a gina don shi ba, a ciyar da shi ta adafta kan adafta. RX 580 na 'yan mainin kuwa, wanda mutane ke tsoro, shi ne ya fi kowa riƙe amana a labarin, mai da wanki kawai ya nema, har gobarar ma ya tsallake.

Nawa laifin kuma na faɗa, gwajin minti goma a shago mai sitabilaiza ba gwaji ba ne ga injin da zai koma zama a ɗakin da wuta ke sauka 165. Tun daga kansa duk wanda ya kawo min kwamfuta mai mutuwa a cikin gem, jadawalin gefen pawa pak nake fara karantawa kafin na taɓa komai, sannan na tambaye shi yaya wutar gidansu take da magariba.

Akwai abu ɗaya da har yanzu ba a rufe ba. Sitabilaiza da gad suna tare rauni da tsallen wuta amma ba sa riƙe ta, in aka ɗauke ana tsakiyar wasa ko zane injin mutuwa yake nan take, wannan kuma ba ya yi wa SSD da fayilolin Windows daɗi. Shi yanzu Ryzen 5 5600 yake hange, ni kuma nace masa UPS tukuna, na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, kuma mai ba da tsaftatacciyar wuta irin ta inbata mai kyau, don wasu pawa pak na zamani ba sa jituwa da ƙananan UPS masu arha, suna iya ɗaukewa daidai lokacin da aka koma batir. Ya ce zubin adashensa na gaba a kan UPS ɗin zai tafi, na ce ya zo da pawa pak ɗin nasa mu gwada su tare kafin ya biya.